Ƙaurin Tuwo da Lambun Fure: Ina Iyakar Amanar Mai Siffantawa?

Maƙasudin wannan rubutu wata gardama ce da ta tashi a ofishin malamai na makarantar da muke koyarwa, wadda har yau ba ta mutu ba, ta dai kwanta ne kawai. Mun ga ya dace mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta, domin kuwa abin ya wuce zancen maki goma ko ashirin da ake ba ɗalibi. Ya shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami da niyyar ya sa wani ya ga abin da bai gani ba.

A lokacin hunturu ne muka ba ɗaliban aji biyu na babbar sakandare aikin insha'i na siffantawa. Muka ce kowa ya zaɓi wani wuri ko wata rana da ya sani, ya siffanta ta yadda mai karatu zai ji kamar yana wurin. Takardu 58 muka karɓa, biyu daga ciki suka jawo magana.

Ta farko ta wani yaro ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda da wuya a kama shi da kuskuren ƙa'idar rubutu. Ya siffanta wani lambu da ya ce yana bayan gidansu: ciyawa kore shar, furanni ja da ruwan hoda suna rangaji, tsuntsaye suna rera waƙa, ga ƙorama tana gudana a tsakiya. To, mun san unguwarsu. Ba ta da ƙorama sai kwata, kuma a watan da ya yi rubutun ƙura ce ta lulluɓe gari, har ganyen darbejiya ya yi fari.

Ta biyu ta wata yarinya ce wadda rubutunta ke cike da kurakurai, tana haɗe kalmomin da ake rabawa, tana raba waɗanda ake haɗewa. Ta siffanta ranar da mahaifinta ya rasu. Layi ɗaya tak ta ba koke-koke. Abin da ta tsaya a kai shi ne tukunyar tuwon dawa da ke kan murhu sa'ad da labari ya iso. An yi talge, an fara tuƙi, sai kowa ya watse ya bar muciya tsaye a ciki. Tuwo ya kama, ƙauri ya cika gidan, masu gaisuwa suna shigowa cikinsa, ba wadda ta iya buɗe baki ta ce a sauke. Washegari gwaggonta ta jiƙa ƙanzon ta ba yara, suka ci da ɗacinsa.

Muka ba yarinyar maki 17 cikin 20, muka ba yaron 11. Wani dattijo abokin aikinmu ya karanta duka biyun, ya ajiye tabarau ya ce, "Malam, anya kun yi adalci kuwa? Kun hukunta yaro don ya rubuta abin da bai gani ba. Kun tabbata ita ta gani? Sannan kuma, zancen rasuwa a cikin gida abin bajewa a takarda ne?"

Muka kira yarinyar muka tambaye ta shekarunta a lokacin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Huɗu, Malam. Ban tuna ranar ba, Gwaggo ce take ba ni labarin. Amma tun da ta faɗa mini, duk ran da tuwo ya kama a gidanmu sai gabana ya faɗi."

A nan gizo ke saƙar. Ashe su duka biyun abin da ba su shaida ba suka rubuta. To, da wace hujja muka fifita ɗaya a kan ɗaya? Tambayoyin dattijon nan guda biyu su ne za mu bi: shin ya halatta marubuci ya siffanta abin da bai gani ba? Kuma abin da ya gani ɗin, komai ne ya halatta ya siffanta?

Gani da Ji

Littattafan kimiyya sun koya mana cewa ƙofofin da ɗan Adam ke sanin duniya ta cikinsu biyar ne: ido, kunne, hanci, harshe da fata. Amma harshen Hausa ya yi nasa rabon daban. Ya ware ido ya ba shi "gani", sauran duka ya tattara su ya ba su "ji". Bahaushe yana jin magana, yana jin ƙamshi, yana jin ɗaci, yana jin sanyi, yana jin yunwa. Bai tsaya nan ba, yana jin kunya, yana jin tausayi, kuma idan ya fahimci wani harshe sai a ce yana jin Larabci. Wato kalmar da muke amfani da ita ga abin da ya taɓa fata, ita ce dai ga abin da ya taɓa zuciya, ita ce kuma ga abin da hankali ya kama. Magabata ba su raba waɗannan ba, kuma muna ganin sun fi mu gaskiya.

Mai karatu ya dubi irin dukiyar da aka bar mana a wannan fanni. Ɗalibi zai rubuta "wari" ya wuce, alhali Hausa ta bambanta ƙarnin jini da ɗanyen kifi, da zarnin fitsari, da ƙaurin abin da ya ƙone, da hamamin jikin da bai ga ruwa ba, da ɗoyin mushe. A ɗanɗano akwai zaƙi da ɗaci da tsami, akwai baurin ɗanyen 'ya'yan itace mai ɗaure baki, akwai garɗin soyayyar gyaɗa, akwai zartsin ruwan wata rijiya, akwai lamin miyar da ba gishiri. A launi kuwa ja yana iya zama ja wur, fari ya zama fari fat, baƙi ya zama baƙi ƙirin. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan wani ne ya fara ji a jikinsa kafin ya raɗa mata suna.

Irin waɗannan kalmomi suna da wani hali da sauran ba su da shi: sukan riga hankali isa. Idan muka rubuta cewa talauci ya yi yawa, mai karatu zai tsaya ya auna, ya yarda ko ya ƙi. Amma idan muka ambaci tsamiyar biri, kafin ya yi shawara da kansa yawu ya tsinke masa. Masana kimiyya ma sun tabbatar da wani ɓangare na wannan. A 1991 Linda Buck da Richard Axel na Amurka suka gano dangin ƙwayoyin halittar da ke sa hanci ya rarrabe ƙamshi da wari, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2004, kuma an san cewa hancin mutum yana da irin waɗannan masu karɓar saƙo wajen nau'i 400. An kuma san cewa hanyar da saƙon hanci ke bi zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai gajeriya ce. Saboda haka faɗuwar gaban ɗalibarmu ba shagwaɓa ba ce.

Tun da siffantawa tana shiga jikin mai karatu ba tare da sallama ba, ke nan mai yin ta yana riƙe da makami. Kuma mai karatu yana ɗaukarta a matsayin shaida. Da zarar mun ce masa ƙasar wuri kaza tana da santsi bayan ruwa, mun ce masa ke nan, "Mun taka, ka yarda da mu." Wannan ita ce amanar da muke magana a kai.

Shin Gani Ya Kori Ji?

Amsa mafi sauƙi ga tambayar farko ita ce a ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gane masa, a huta. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji. Sai dai wannan amsa tana da rauni ta fuska biyu.

Fuska ta farko, ido da kansa ba shi da tabbas. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi a cikin littafinsa Al-Munƙiz Minad Dalal. Ya kawo misalin inuwa, wadda ido ke gani a tsaye cak, amma bayan sa'a guda sai a tarar ta gusa, ashe tun can tafiya take a hankali. Ya kuma kawo misalin tauraro, wanda ido ke gani kamar girman dinari, alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Mu ma a aji mun jarraba abin da ya yi kama da haka. Mun taɓa tambayar ɗalibai launin ƙofar ofishin shugaban makaranta, wadda suke wucewa ta gabanta kullum, aka sami amsa iri huɗu. Kasancewar mutum a wuri ba ta nufin ya lura. Da yawa daga cikin takardu 58 ɗin nan sun siffanta kasuwar da masu su ke zuwa kowane mako, amma ba su faɗi komai ba sai cewa akwai mutane da yawa da kaya iri-iri. Waɗannan sun je kasuwa, sun dawo hannu wofi.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Da a ce wannan doka ce, da mun yi asarar rabin adabinmu. Abubakar Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, shekara tara bayan Turawa sun ci Kano. Bai taɓa bin ayarin bayi ya ƙetare Sahara ba. Duk da haka Shaihu Umar, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka kuma buga shi a 1934, yana sa mai karatu ya ji nauyin wannan tafiya da ƙunar uwar da ke neman ɗanta. Wa zai ce a janye littafin don marubucinsa bai taka rairayin ba?

Shaidar Makafi

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar a wajen marubutan da ba su da ido. Bashar ɗan Burdu, mawaƙin Basra na ƙarni na 8, makaho aka haife shi, amma malaman balaga sun daɗe suna kafa misali da yadda ya siffanta filin yaƙi, siffantawar da masu ido suka kasa yin irinta. A ƙasar Zazzau muna da Aliyu Namangi, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya kuma bar mana Waƙoƙin Imfiraji. Ba mu taɓa jin wanda ya saurare su ya ce a tambayi malamin inda ya ga abin da yake faɗa ba.

Helen Keller ta Amurka ita ce aka yi wa wannan tambaya gaba da gaba. An haife ta a 1880, ciwo ya ɗauke mata gani da ji tana da wata 19. A 1887 malamarta Anne Sullivan ta fara koya mata kalmomi ta hanyar rubuta mata haruffa a tafin hannu. Da ta girma ta wallafa tarihin rayuwarta a 1903, sai masu suka suka taso mata: ta yaya wadda ba ta gani za ta yi zancen launi da hasken wata? Suka ce kalmomin wasu take tauna. Abin da ya ba su ƙafa shi ne, tana da shekara 11 ta rubuta wani ɗan labari wanda daga baya aka gano ya yi kama ƙwarai da na wata marubuciya, Margaret Canby, da aka taɓa karanta mata ta manta. Amsar da ta bayar a littafinta na 1908 ita ce, a taƙaice, tana gina abin da ba ta gani daga abin da take ji a fata da hanci da harshe, kuma idan aka hana ta kalmomin masu ido an kore ta ke nan daga harshen da kowa ke magana da shi.

To, shin sanin makaho da sanin mai ido ɗaya ne? A 1688 wani masani ɗan ƙasar Ailan, William Molyneux, wanda matarsa ta makance, ya aika wa John Locke tambaya. Ya ce a ɗauka ga wanda aka haifa makaho, ya saba rarrabe ƙwallo da dunƙule mai kusurwoyi ta hanyar shafawa. Idan idonsa ya buɗe aka ajiye su a gabansa, zai iya nuna wanne ne wanne ba tare da ya taɓa ba? Su biyun suka ce ba zai iya ba. Sama da shekara 300 masana suna ja-in-ja, sai a 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Indiya a kan yara biyar da aka yi wa aikin ido. Da farko sun kasa haɗa abin da suka shafa da abin da suke gani. Amma bayan 'yan kwanaki kaɗan suka fara iyawa.

Darasi biyu muka ɗauka daga nan. Na farko, ji ba ya maye gurbin gani kai tsaye, akwai rata a tsakaninsu, kuma wanda ya musa haka ya yaudari kansa. Na biyu, ratar tana ƙetaruwa, amma da aiki. Wanda yake da abin da ya riga ya sani a jikinsa, yana iya ɗora sabon sani a kai.

Aro da Sata

Da wannan muka koma kan takardun nan biyu. Yarinyar ba ta tuna ranar ba, gaskiya ne. Amma ta san ƙaurin tuwo da hancinta, ta san ɗacin ƙanzo da harshenta, ta san maraici da rayuwarta. Abin da ta rasa guda ɗaya ne, wato cewa waɗannan sun haɗu a rana ɗaya, shi ne ta karɓa daga gwaggonta, wadda ke tsaye a tsakar gidan a ranar. Idan aka bi maganar baya-baya za a iske mutumin da ya ji a jikinsa. Wannan shi muke kira aro, kuma aro halal ne. Da shi marubucin tarihi ke aiki, da shi namiji ke iya rubuta naƙuda idan ya zauna ya saurari ungozoma da ladabi, da shi ɗan birni ke iya rubuta noma idan ya yarda ya je gona ya riƙe fartanya ko da na wuni ɗaya.

Shi kuwa lambun yaron, mun bi shi baya-baya ba mu iske kowa ba. Daga finafinan Indiya ya fito, ya biyo ta wasu littattafan soyayya, ya sauka a takardarsa. Mun tambaye shi sunan fure ɗaya daga cikin waɗanda ya ambata, bai sani ba. Mun tambaye shi wane tsuntsu ne ke waƙar, ya yi shiru. Alamar irin wannan siffantawa ita ce komai a cikinta daidai yake, babu abin da zai ba mai karatu mamaki. Lambun gaske yana da sauro, yana da warin taki, yana da mai gadi. Muciyar da aka bari tsaye a tukunya kuwa, da wuya a ƙirƙiro ta daga zaune, domin sai wanda ya san gidan makoki ya san cewa abin da ake tunawa ba kasafai yake zama babban abu ba.

Wani zai ce, ai ƙagaggen labari dama ƙirƙira ne, mene ne na ɗora masa nauyin shaida? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da abubuwan da ba su taɓa faruwa ba, kuma ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Tsakanin marubuci da mai karatu akwai yarjejeniya, kamar dai yadda "ga ta nan, ga ta nanku" ke sanar da yara cewa Gizo zai yi magana. Mai karatu ya yafe mana mu ƙirƙiri mutum, mu ƙirƙiri gari, mu kashe wanda muka ga dama. Abin da bai yafe ba shi ne mu yi masa ƙarya a kan yadda duniya take a jiki. Idan mutumin da muka ƙirƙira ya kwana uku bai ci ba, to yunwar ta zama yunwar gaske, da jirinta da ɗacin bakinta da yadda ƙamshin suya daga nesa ke zama azaba. Idan muka sa shi yana tsalle yana zuba kalaman soyayya, mun koya wa wanda bai taɓa yunwa ba cewa yunwa ba komai ba ce, gobe kuma da wannan ilimin zai yi wa mayunwaci hukunci.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mai karatu ya tuna littattafai nawa ya karanta inda tauraruwar labari take fara sol, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, tana ƙamshin turaren waje, ita kuwa muguwar kishiya baƙa ce gajeriya mai kaushin tafin hannu, ɗakinta yana hamami. Marubucin bai faɗi da baki cewa baƙar fata mugunta ce ba, bai ce talauci ƙazanta ne ba. Ya bar hanci da ido su faɗa a madadinsa, kuma mun riga mun ga cewa su ba a gardama da su. Mu da muke tsayawa gaban 'yan mata a aji muna ganin fuskokin da man bilicin ya ƙona, ba za mu iya rantsewa cewa alƙalami ba shi da hannu a ciki ba.

Kunya da Sutura

Saura tambayar dattijo ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko wuya. Mu ɗauka marubuci ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Shin gaskiyar abu ta isa hujjar rubuta shi?

Wannan ba sabuwar gardama ba ce a wajenmu. Tun a shekarun 1990 aka yi ta kai ruwa rana a jaridu a kan littattafan da wasu suka kira Adabin Kasuwar Kano. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Ba nufinmu mu sake buɗe wancan shafi ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, mafi yawan abin da aka yi faɗa a kai siffantawa ce: me aka nuna, har zuwa ina.

Mu dai ba mu yarda da masu cewa a rubuta komai tun da gaskiya ne ba. Wanda hatsarin mota ya rutsa da shi yana kwance a titi, raunukansa gaskiya ne, amma mai hankali mayafi yake nema ya rufe shi. Marubucin da ya tsaya yana ƙirga raunukan ɗaya bayan ɗaya don a ce ya iya rubutu, bai bambanta da masu zaro waya suna ɗaukar hoto ba. Haka wanda ya bi jikin mace gaɓa-gaɓa kamar dillalin da ke tallar kaya a kara.

Amma kuma ba mu yarda da masu fakewa da kunya su binne gaskiya ba. Mu ɗauki matan da ke fama da yoyon fitsari, waɗanda asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya shahara wajen yi musu aiki. Abin da ke raba mace irin wannan da mijinta, ya hana ta zama cikin mata a wurin biki, ya sa a ware mata kwano da tabarma, shi ne zarni. Marubucin da ya ɗauki labarinta ya ce wai tana fama da "wata lalura" ya wuce, ya tsare kunyar kansa ne, ita kuwa ya bar ta inda ya same ta. Mai karatu zai rufe littafin bai san dalilin da ya sa take zama a bakin ƙofa ba, ballantana ya ji tausayin da zai sa ya hana a bar 'yarsa kwana biyu tana naƙuda a gida.

Ma'aunin da muka iya samu shi ne marubuci ya tambayi kansa: wannan abin da zan siffanta, wa zai amfana da shi? Idan zai sa mai karatu ya matso kusa da mutumin, ya ji abin da yake ji, to a rubuta ko da ɗaci, gaskiya dama ɗaci gare ta. Idan kuwa zai mai da mutumin abin kallo, mai karatu ya zama ɗan leƙen asiri, to a bari ko da gaskiya ne. Akwai kuma wata tambayar da ke taimakawa: da wanda muke siffantawa zai zauna kusa da mu a karanta masa, zai ce "haka ne, ka faɗa musu", ko kuwa zai rufe fuska? Ba mu ce wannan ma'auni yana warware kowace matsala ba. Akwai wuraren da mutum biyu masu gaskiya za su auna su saɓa.

Abin da muka nuna wa dattijo shi ne, yarinyar ba ta siffanta gawa ba, ba ta siffanta fuskar mahaifiyarta ba. Ta kau da idonta daga inda kunya ta hana, ta ajiye shi a kan tukunya, tukunyar kuma ta faɗi abin da ake bukata. Ke nan kunya ba ta rage mata komai ba, hasali ma ita ta nuna mata inda za ta duba.

Kammalawa

Ba mu canza makin ba, amma mun kira yaron mun ba shi dama ya sake. Muka tambaye shi sana'ar mahaifinsa. Ya daɗe kafin ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ƙira yake yi, Malam." A nan muka gane cewa lambun nan ba lalaci ya sa ya dasa shi ba. Ya ɗauka ne cewa maƙera ba abin sawa a takarda ba ce, kuma mu malamai da marubuta muna da kaso a cikin wannan zato nasa, domin mu muka cika masa ido da gidajen bene da lambuna.

Bayan mako guda ya kawo shafi ɗaya da rabi. Ya rubuta numfashin zuga-zugi, da yadda gawayi ke sauya launi daga ja zuwa ruwan ɗorawa idan wuta ta kai, da ƙarar da jan ƙarfe ke yi idan aka tsoma shi a ruwa, da ƙananan tabo farare da tartsatsi ya bari a damtsen mahaifinsa, waɗanda ya ce yana ƙirga su tun yana yaro amma bai taɓa kai ƙarshe ba. Muka ba shi 18.

Dattijo ya karanta, ya ce wannan kam ya yarda da shi. A kan ta yarinyar kuwa har yau yana nan kan bakansa, cewa akwai abin da gida ya kamata ya riƙe wa kansa, kuma ya kamata a ce ta nemi izinin gwaggonta kafin ta rubuta. Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya mana a rai, domin ba mu da amsarta. Idan aro halal ne, ai mai kaya yana da haƙƙin a tambaye shi. Marubuta nawa ne a cikinmu suka taɓa komawa wajen tsohuwar da suka kwashi labarinta suka ce, "Iya, kin yarda in rubuta?" Muna fatan 'yan'uwa za su ɗauki wannan su tattauna a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, ya kuma tsare alƙalumanmu daga cin amana.